Tele mai ƙeya da akwatin wasa: a gyara ko a canza?

 Tarihinmu na yau na wani abu ne da gidaje da yawa ke da gawarsa ajiye a bayan ɗaki ko bisa rufin shago: tsohuwar tele mai ƙeya, mai nauyi kamar buhun hatsi, da ɗan uwanta akwatin wasa mai cin jeton, wanda Faransawa ke ce ma borne d'arcade. Su biyun zuciyarsu ɗaya ce, wato babbar kwalbar gilashin nan da hoto ke fitowa a fuskarta, wadda masu gyara ke kira tub. In ta dushe ko ta ɗauke, tambaya guda ke zo ma mai ita: a gyara ko a canza? Shekara 20 da sunka wuce amsar ba ta da wuya, don kwalba ta cika kasuwa. Yau kamfanonin da sunka yi suna da ita sun daina ƙera ta, duk wadda ta fashe ta tafi ke nan.

Kwalbar ta girmi tele kanta. Wani masani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ya ƙera ta farko a 1897 a jami'ar Strasbourg, don aikin awon wutar lantarki. Ga yadda take: an zuƙe iskar cikinta kaf. A ƙarshen wuyanta akwai wani ɗan zare da ke yin ja in ya ɗau zafi, daga nan ake harbo ƙwayoyin lantarki zuwa gaba. Cikin gilashin fuska an shafe shi da wata hoda da ke haske in ƙwayoyin sun doke ta. A wuyan kuma akwai naɗin wayar jan ƙarfe, bobin, mai karkata harbin hagu da dama, sama da ƙasa, yana zana hoto layi bayan layi kamar ƙoshiyar masaƙi. A tsarin da munka gada daga Faransa, layi 625 ke haɗa hoto guda, hoto 25 cikin sakan ɗaya, wato layi 15,625 kowane sakan. Mai kala bakin harbi uku gare ta: ja, kore, shuɗi. Kafin duk wanga ya yiwu sai an ɗaga wuta ta kai wajen volt 25,000, aikin wani ƙaramin taransfoma ke nan da masu gyaranmu ke ce ma THT.

Akwatin wasa kuwa daga cikin tele ya fito. A 1972, a Kaliforniya ta Amurka, wani injiniyan kamfanin Atari mai suna Allan Alcorn ya haɗa wasan Pong, ƴar ƙwallo da sanduna biyu na buga ta. Da ya tashi neman allo, kanti ya shiga ya sayi ƙaramar tele baƙi da fari, ya cusa ta cikin akwatin katako, ya maƙala wurin jefa kuɗi, anka kai wata mashaya don gwaji. Ba a daɗe ba anka kira shi wai na'ura ta lalace. Da ya buɗe sai ya tarar kuɗi ne sunka cika har sunka toshe hanya. Ku lura, allon akwatin wasa tele ce da anka cire ma wurin kama tasha. Shi ya sa mai gyaran tele na bakin kasuwar Dutsi, ko bai taɓa ganin irin wanga akwati ba, in ya buɗe bayansa zai gane kusan komi da ke ciki.

Daga nan Japan ta karɓe kasuwa. Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a 1978, allonsa baƙi da fari ne, sai anka liƙa ledoji masu launi bisa gilashin don a ga kamar mai kala. Pac-Man na Namco ya biyo a 1980, shi kwalbarsa a tsaye take. Street Fighter II na Capcom ya zo a 1991, Mortal Kombat na Amurkawa a 1992. A 1985 ƙungiyar masu ƙera na'urorin wasa ta Japan, JAMMA, ta fito da mahaɗi iri ɗaya mai haƙora 56, ta yadda mai gidan wasa zai zare kat ɗin tsohon wasa ya soka na sabo, akwati da allo suna nan yadda suke. Wasanni na canzawa, kwalba ɗaya na ci gaba da aiki tun safe har dare shekara da shekaru. Dalili ke nan da ya sa ita ke fara tsufa. Tsohon akwatin Pac-Man ko a kashe yake kana iya ganin zanen lungunan wasan ya ƙone ya zauna a fuskar gilashin.

Mu dawo gida. A Nijar kwalbar nan ta lakwal ta shigo. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, anka buɗe telebijin ta makaranta da taimakon Faransa, ana watsa darasi daga Yamai zuwa azuzuwan da ke kewaye, daga baya anka faɗaɗa. A cikin aji ba cikakken mushe ake sa wa ba, wani matashi ne mai takardar ƙare firamare da anka ba horo na ɗan lokaci, yana kunna tele, yana bi da yara bayan darasi. Sunan aikinsa moniteur. Kun ji ikon Allah, kalmar da ake kiran allon akwatin wasa da na kwamfuta da ita yau, a Nijar ta wancan lokaci sunan mutum ce. Ƙauyukan ba su da kuran, sai batir. Wagga matsala ce ta sa Nijar ta shiga sahun ƙasashen farko da sunka kunna tele da hasken rana, tun ƙarshen shekarun 1960, a ƙasar da Farfesa Abdou Moumouni ya daɗe yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL.

A 1979, zamanin Seyni Kountché, kayan telebijin ta makaranta sunka zama tushen telebijin ta ƙasa, Télé Sahel. Mutane ƙalilan ke da halin sayen tele, don haka gwamnati ta rarraba ta jama'a a garuruwa da ƙauyuka, da yawa da panon hasken rana, ana ajiye ta gidan samariya ko dandali. Dattawanmu na tune da yadda ake shimfiɗa tabarmi bayan isha'i, yara gaba, manya baya. Kokowar ƙasa ta neman takobi, wadda anka fara a Tawa a 1975, ita ta fi tara jama'a, sai labarai da Hausa da Zabarmanci da wasan kwaikwayo. Allo guda, ido ɗari. In tele ta mutu gari duka ne ya shiga duhu, shi ya sa mai iya taɓa ta ya zama mutum mai daraja.

Shekarun 1990 sun zo da gidan bidiyo. Mai shago ya sayi tele da manyeto da ɗan gurup, ya kafa zana, ya jera benci, a biya dala biyar a shiga kallon fim ɗin Indiya, na karate, da na Hausa daga Kano bayan Turmin Danya ya buɗe hanya a 1990. Akwatin wasa mai jeton bai yawaita a garuruwanmu ba. Tsadarsa da nauyinsa da ƙishirwar kuran sun tsayar da shi a manyan birane, waɗanda sunka je biɗa Legas, Abijan ko Kwatano su sunka fi saninsa. Abin da ya maye gurbinsa a nan shi ne shagon wasa: tele bisa tebur, na'urar Sega ko Nintendo, manet biyu. PlayStation ta fito a 1994, ta biyu a 2000, ƙwallon PES ta mamaye ko'ina. Maimakon jeton, mai shago ke karɓar dala biyar ko dala goma kowane wasa, wanda anka ci ya miƙa manet. Wasu har akwatin katako ko kejin ƙarfe suke ma tele su sa kwaɗo. In kun duba da kyau, akwatin Alcorn ne munka sake ƙerawa da kayan hannunmu. Iyaye da malamai sun sha faɗa kan yaran da ke gudun lakwal da makarantar allo saboda shi, kuma faɗan nasu da gaskiya a ciki. Amma samari da yawa da wanga shago sunka tara jarin farko.

Duk waɗannan, mai gyara ne ke riƙe da su. Galibinsu daga gyaran rediyo sunka faro, yaro ya zauna gaban maigida shekaru yana riƙe ƙarfen liƙi, yana koyon karanta mita. Zama bakin iyaka ya ƙara masu wani ilimi na daban. A wancan lokaci Nijar SECAM take watsawa irin na Faransa, Najeriya kuwa PAL. Tele da anka sayo Sakkwato ko Birnin Kabi, in ba mai tsari da yawa ba ce, sai ta nuna Télé Sahel baƙi da fari, sau da yawa ko murya babu, sai an kai ta an daidaita. PlayStation ta Amurka ko Japan ita ma baƙi da fari take fitowa a tele da yawa, kuma volt 110 ko 100 take ci, in ka soka ta a 220 namu ba taransfoma sai hayaƙi. Kayan gyara na zuwa daga kasuwar Alaba ta Legas, Sabon Gari ta Kano, da tashar jirgin ruwan Kwatano ta hanyar Gaya. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, sabon kaya ya ninka kuɗi, gyara ya zama dole, gawar wata tele ta zama kantin kayan gyaran wata.

Ƙarshen zamanin kwalba ya zo da sauri. Wajen ƙarshen 2007 cinikin tele mai faifai, wadda muke ce ma plasma ko da ba plasma ba ce, ya wuce na mai ƙeya a duniya. A 2008 Sony ya daina ƙera shahararriyar kwalbarsa Trinitron, sauran kamfanoni sunka bi ɗaya bayan ɗaya. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta tsayar da 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa watsa shiri na zamani, TNT, Faransa ma ta rufe tsohon tsarinta tun 2011. Turawa sunka fitar da tsofaffin tele daga gidajensu, kwantena kwantena sunka nufo gaɓar Afirka ta Yamma. Lokacin da Mena ta je kofin Afirka karon farko a 2012, gidaje da yawa a irin wagga tele ta hannu sunka kalle ta. Arhar ta ruɗe mu, muna ganin ba za ta ƙare ba. Alhali ruwan ƙarshe ne na damina.

To, mi ke lalacewa a cikinta? Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, sau da yawa kwalbar lafiyarta lau, kat ɗin da ke ba ta wuta ne ya gaji. Babban abokin gabarta zafi ne. Kondansatar masu ruwa a ciki suna bushewa, kuma ƙa'idar da masana ke bi ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Ku auna da zafin watan Afirilu a Dutsi, sama da digiri 40, cikin shagon kwano. Ƙurar hunturu kuma wutar THT na jawo ta, in damina ta zo ta sha laima sai tartsatsi ya fara. Ga kuran mai hawa da sauka. Alamomin sanannu ne. In hoto ya koma farin layi guda a kwance tsakiyar allo, ɓangaren da ke kai harbi sama da ƙasa ne, galibi liƙi ya tsage ko kondansatar ta mutu, kuma a kashe ta nan take don kada layin ya ƙone gilashin. In tana ƙara kas kas ba ta tashi, a duba taranzistan layi da THT. In launi ɗaya ya ɓace, a fara da ƙaramin kat ɗin da ke wuyan kwalba. In launi ya yi dabbare dabbare a kusurwa, maganaɗisu ne, wataƙila an ajiye babban sipika kusa da ita. Duk waɗannan gyaran kuɗi kaɗan ne.

In kwalbar ce da kanta ta tsufa, hoto ya yi duhu ya yi hazo ko an ƙure haske, akwai dabarar ƙara ma zaren wuya wuta don ta farfaɗo. Tana aiki na ɗan lokaci, amma cin kwanan kwalbar take, mai gyara na gari zai gaya maka haka kafin ya yi. Mai akwatin wasa yana da hanyoyi uku. Ta farko, a ciro kwalbar wata tele mai girma ɗaya a dasa, muddin wuyanta da bobin ɗinta sun dace da kat ɗin akwatin, abin da sai an auna da mita. Ta biyu, a sa tele sukutum. A nan mu da munka gaji kayan Faransa mun yi sa'a, don a 1980 doka ta tilasta duk tele da ake sayarwa can a wancan zamani ta zo da mahaɗin peritel mai haƙora 21, wanda ke karɓar ja, kore da shuɗi kowane da wayarsa. Haka kat ɗin wasa ke fitar da hotonsa, kuma saurin layinsa, wajen 15,700 a sakan, kusan ɗaya ne da na tele. Da ƴan rezistans da haƙuri, tsohuwar Thomson ko Philips sai ta zama allon akwati. Ta uku, a sa allo mai faifai.

Hanya ta uku ita ta fi sauƙi, amma a san abin da za a rasa. Allon kwamfuta layi 31,500 ko fiye yake so a sakan, ninki biyu ke nan, don haka sai an sa wani kat a tsakani mai juya hoton, kuma juyin na kawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da ake gani. Gwanin Street Fighter yana jin wanga jinkiri a yatsunsa. Hoton wasan ma ƙanana ne ƙwayoyinsa, 384 a kwance da 224 a tsaye, an zana shi ne da sanin kwalba za ta narkar da gefensa ya yi laushi, a faifai sai ya fito gutsi gutsi kamar tubali. Wasannin bindiga irin su Duck Hunt kuwa ba su aiki sam, don bindigar hasken kwalba take karantawa. Duk da haka, gidan da ke kan pano da batir ba za a ce masa ya riƙe mai ƙeya ba. Ita takan ci wat 60 zuwa 80, ƙaramar mai faifai ta volt 12 ba ta kai rabin haka ba. Waɗanda sunka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wutar Kainji a Agustan 2023 sun san darajar kowane wat. Kowa ya duba halinsa. Abin da muke roƙo shi ne, in an canza, kada a fasa tsohuwar.

Nan ne maganar ta fi nauyi. Yara da masu jari bola na fasa wuyan kwalba don jan ƙarfen bobin, su bar gilashin warwatse a juji inda awaki ke kiwo, inda ƙannensu ke wasa ba takalmi. Gilashin bayan kwalba an haɗa shi da dalma don tare wani haske mai cutarwa, tele guda na iya ɗauke da kilo 1 zuwa 3. Muddin kwalba na nan ɗungurungum dalmar a kulle take. In an farfashe ta ta niƙe, ruwan sama na wanke ta zuwa cikin ƙasa, kuma a cikin dallol ruwan rijiya ba shi da nisa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da yara wajen 400 sunka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Tasu daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ta fi tamu yawa nesa ba kusa ba, amma gubar iri ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro take fara taɓawa. Ƙasashen Afirka, har da Nijar, sun amince da yarjejeniyar Bamako ta 1991 mai hana shigo da shara mai guba, sai dai wadda ta riga ta shigo tana bayan ɗakunanmu. Ƙari kan haka, kwalba ba iska cikinta, in an doke ta tana tarwatsewa da tsinin gilashi. Kuma tana riƙe wuta ko an zare waya kwana da kwanaki. Wanda bai koyi yadda ake sauke wutar ba, kada ya kai hannu ƙarƙashin robar nan da ke manne a bayanta.

Yau a Faransa, Japan da Amurka masu son tsofaffin wasanni na neman kwalba mai lafiya ruwa a jallo, kuma abin da ya fi yi masu wuya shi ne samun mai gyara. Mu muna da su, a Dutsi, a Matankari, a Kore Mai Ruwa, a Tibiri, da yawansu sun yi furfura, yaransu sun koma gyaran salula don can kasuwa take. Ba laifinsu ba ne, abinci ake nema. Sai dai ilimin da ya riƙe tele ta lakwal, ta samariya, ta gidan bidiyo da ta shagon wasa shekara 60 yana kan hanyar tafiya tare da masu shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Shawararmu kaɗan ce. Mai tsohuwar tele ko na'urar wasa ya kai ta a duba kafin ya yanke mata hukunci, wataƙila kondansatar biyu ce. Wadda ta mutu murus a ba mai gyara ita ɗungurungum ya ciri abin da zai cira, kada a miƙa ma yara. Hukumomin magajin gari su ware wuri guda na tara gawar kwalabe, nesa da rijiya da kwata. Cibiyoyin koyon sana'a su riƙa gayyato tsofaffin masu gyara su zauna da ɗalibai, ko sau ɗaya a wata. Gidan matasa da al'adu kuma ya ajiye tele guda mai aiki, da manyeto da na'urar wasa, don jikokinmu su ga allon da gari duka ke taruwa gabansa. Dattawan da sunka yi karatu gaban telebijin ta makaranta, da waɗanda sunka riƙe mabuɗin tele ta samariya, ƙofarmu a buɗe take, ku zo ku ba mu labari da bakinku mu ɗauka mu ajiye.